Baƙin da suka kwana a ɗakin mahaifiyata

A shekarar 2003 na ajiye tuƙin haya. Kafin nan na yi shekara takwas ina jigila da hayis ɗin wani Alhaji tsakanin Bata da Kabuga, kullum sai na kai balas, a samu ko kada a samu. Wata rana da daddare wani abokin yayana, maigadi a wata masana'antar robobi da ke Sharaɗa, ya same ni a majalisa ya ce an kawo musu sabon injiniya daga Indiya, ya zo da iyalinsa, ana neman direba mai aure, mai haƙuri, wanda ba ya shan komai. Albashin bai kai abin da nake samu in kasuwa ta yi kyau ba, amma tabbatacce ne, kuma babu rigima da fasinja a kan canji.

Ban amsa ba sai da na je wajen mahaifiyata. Mu a gindin Dala aka haife mu, a can ta zauna har Allah ya karɓi abarsa. Na gaya mata mutanen nan ba Musulmi ba ne, ban kuma san halinsu ba. Tankaɗe take yi a lokacin, ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Za su hana ka salla?" Na ce ban sani ba tukuna. Ta ce, "To ka tambaya tun ranar farko. In ba za su hana ka ba, je ka. Amma ka sani 'ya'yan mutane za ka riƙa ɗauka, ba buhuna ba."

Na kuwa tambaya. Maigidan ya sa na faɗa masa lokutan salla ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta a takarda ya liƙa a jikin firij. Shekara tara na yi da su, takardar nan ta yi ja ta yayyage, amma ba a taɓa cire ta ba, kuma ban taɓa rasa Juma'a saboda aikinsu ba.

Gidan a Bompai yake, irin gidajen nan na da masu faɗin fili, da mangwaro da darbejiya. Su huɗu ne: Oga, da Madam, da yarinya 'yar shekara shida, da ɗan auta da bai daɗe da fara tafiya ba. Mutanen Chennai ne, can kudancin Indiya, harshensu Tamil. Wannan ya riƙa ɗaure wa mutanen Kano kai. Duk inda muka tsaya aka hango ta da sari, sai yara da 'yan mata su kewaye motar suna jefa mata kalmomin da suka tsinta a fim. Ita kuwa sai ta yi murmushi ta ce in gaya musu wancan harshen na mutanen arewacin ƙasarsu ne, ita ma ba ta jin sa sosai. Ni kaina sai a lokacin na san Indiya ba harshe ɗaya gare ta ba.

Kullum kafin in iso da safe Madam ta share ƙofar falo, ta yayyafa ruwa, ta yi wani zane a ƙasa da garin shinkafa, ɗige-ɗige da layuka masu zagaye juna kamar aikin hula. Kolam suke ce masa. Da farko tsallake shi nake yi da addu'a a bakina. Daga baya, da guntuwar Hausarta da guntun Turancina, ta fahimtar da ni cewa al'adar matan yankinsu ce, maraba ce ga mai shigowa, kuma tururuwa da tsuntsaye su sami abin kalaci.

Aikin yau da kullum ba shi da wani labari. Ƙarfe bakwai in kai Oga Sharaɗa, in dawo in kai yarinya makaranta, in bi layin mai in ana wahalarsa, in sayo dizal na janareta, in kai Madam cefane. Ba sa cin nama, ba sa cin kifi, ko ƙwai ba ya shiga gidan, don haka kasuwar 'Yankaba ta zama kamar ofishinmu. A can ta koyi Hausarta ta farko: "Nawa gaskiya?" da "Haba malam, rage mana," da "A ƙara gyara." Cikin wata shida masu alayyafo da kuɓewa da yalo sun daina yi mata kuɗin baƙi.

Wata rana muna wucewa ta wani layi a Dakata ta ce in tsaya maza. Bishiyar zogale ta hango ta leƙo ta kan katanga, ta yi 'ya'ya dogaye suna reto. Mu ganyen muke ci, mu kwaɗa da ƙuli-ƙuli, 'ya'yan mu bar su su bushe a sama. Su kuwa 'ya'yan ne abin marmari, a yanka gaɓa-gaɓa a dafa cikin miyar wake da tsamiya. Na yi sallama da mai gidan, da ya ji abin da ake so ya sa yaronsa ya hau ya tsinko rungume guda, ya ƙi karɓar ko kwabo. Ta dawo mota tana riƙe da su, idonta ya ciko. Ta ce rabonta da su tun gidan mahaifiyarta. Ranar na fara gane cewa matar nan da nake gani cikin gida mai janareta da maigadi da mai aiki, kewa ce take cin ta. Mijinta ya fita bakwai na safe sai bakwai na dare. Ba uwa, ba 'yar'uwa, ba maƙwabciyar da za ta leƙo ta ce a ba ni aron rariya. Buga waya gida a wancan lokacin tsada gare shi, sai ranar Lahadi, na 'yan mintoci. Matata ko kwana biyu ba za ta iya irin wannan zama ba.

Ba zan ce zaman namu duk zuma ba ne. Oga mutum ne mai tsanani a kan lokaci. Akwai ranar da ɗana ya kwana da zazzaɓi na makara da awa ɗaya, bai tsaya jin dalili ba ya sa aka yanke min kuɗin yini. Abin ya yi min ciwo ƙwarai, har na yi niyyar ajiye makulli. Da yamma Madam ta kira ni ta tambayi jikin yaron, ta ba ni kuɗin magani fiye da abin da aka yanke, washegari Oga da kansa ya ce min bai san abin da ya faru ba. Na kuma ga gidajen wasu baƙin inda direba ba ya shan ruwa da kofin gidan, na ga leburori a masana'antu suna tsayuwar awa goma sha biyu a kan kuɗin da ba ya kai su ƙarshen wata. Wannan ma gaskiya ne, kuma har yau yana damuna. A gida kuwa, bukukuwa da sunaye da yawa sun wuce ni, domin ranar da mutane ke hutawa ita ce ranar da nake kan hanya. Maiɗakina ta yi haƙuri da ni, Allah ya saka mata.

Yawon ƙarshen mako yarinyar ce ta jawo shi. A 2005 ne, wata Asabar na biya da su unguwarmu zan miƙa wa Hajiya mahaifiyata saƙo. Kawu yaran suke ce min, sun ji 'ya'yan maigadi suna faɗa suka ɗauka. Yarinyar ta ɗaga kai ta kalli dutsen Dala ta ce, "Kawu, me ke can sama?" Na ce ba komai, fili ne. Ta ce to me ya sa kowa yake maganarsa? Wa ya fara zama a nan? Wa ya gina katangar ƙasar nan da muke wucewa? Na buɗe baki na rasa abin faɗa. Na hau Dala ba adadi ina yaro, can muke wasa, amma ban da sunan Tsumburbura da ake tsorata mu da shi ban san komai ba. Na ji nauyin abin a raina. Ana cewa baƙo makaho ne ko da yana da ido, sai ga shi ɗan gari ne ya kasa gani.

Da daddare na je wajen wani ƙanen mahaifina, tsohon malamin firamare. Ya zaunar da ni kamar ɗan aji uku. Ya ba ni labarin Barbushe da mutanen da ke zaune a gindin dutsen suna narka tama, da zuwan Bagauda wanda masu tarihi suke ƙirga sarautarsa daga shekarar 999, da Sarki Gijimasu da ya fara ginin ganuwa, da Muhammadu Rumfa da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, wanda ya kafa kasuwar Kurmi ya gina gidan sarautar da ake ciki har yau. Asabar ta gaba da sassafe muka hau tare, lokacin hunturu, hazo ya ɗan yi sauƙi. Na nuna musu Goron Dutse, da hasumiyoyin masallacin cikin gari, da inda jirgi ke tashi. Auta a wuyana yake. Oga, wanda ban taɓa ganin ya tsaya minti biyar ba tare da duba agogo ba, ya zauna a kan dutse ya yi shiru fiye da rabin awa.

Daga nan abin ya zama al'ada. Masana'antar rabin yini take yi ranar Asabar, don haka da azahar sai mu fita, ko kuma Lahadi tun da sassafe. Ni kuma daren Juma'a ina wajen baffana ina ɗaukar darasi. A Gidan Makama na fara ganin tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da hotunan zamanin da Turawa suka ci Kano a 1903, ina da shekara talatin da uku a duniya, wurin da na wuce ta gabansa da fasinja sau dubbai. A Kurmi Madam ta saba da dukawa da masu kayan yaji. Amma inda ta fi so marinar Ƙofar Mata, wadda aka rubuta 1498 a ƙofarta. Sai ta tsuguna a bakin rijiyar baba tana kallon yadda marini ke tsoma zane ya ɗago, ya fito kore-kore, iska ta buge shi ya rikiɗe ya koma shuɗi. Ta ce a ƙasarsu ma da ganyen baba ake rini tun kaka da kakanni. Ta riƙa kawo farin yadi ana ɗaure mata ana rinawa, a kai wa mabuga su buge shi har ya yi ƙyalli. Yawancin rijiyoyin ma a lokacin sun cike da shara, 'yan kaɗan ke aiki. Wani dattijo a wurin ya ce min, "Ɗana, baƙi ne ke zuwa kallonmu, 'yan gari sai dai su wuce." Ban iya ce masa komai ba, domin da ni yake.

Hawan Daushe kuwa sau biyar na kai su, zamanin marigayi Sarki Ado Bayero. Auta ya haddace 'yan lifidi da 'yan sulke da dogarai, in ya ji kakaki sai ya miƙe ya ɗaga hannu yana jinjina.

Da muka gama da cikin gari sai muka fara fita. Tiga ita ce ta kusa: mu bi hanyar Zariya, mu wuce Tamburawa da Kura da Kadawa, mu karya kwana. Oga injiniya ne, shi ya yi min bayanin yadda dam ɗin da aka kammala a 1974 zamanin Audu Bako yake tura ruwa ta magudanai zuwa gonakin da muke wucewa, shi ya sa ake shinkafa da alkama da tumatir da rani. Su shimfiɗa tabarma a bakin ruwa su ci shinkafarsu mai tsamiya, ni in sayi soyayyen kifi in koma gefe. A dawowa mu tsaya Kwanar Gafan Madam ta sayi kwandon tumatir, tana ta jimamin wanda aka yanka aka shanya a ƙasa da wanda ya ruɓe don ba mai saye. Mun je Daura ta Dambatta da Kazaure, yaran suka ja ruwa da guga a rijiyar Kusugu, na ba su labarin macijin da ba ya bari a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a da Bayajidda da ya kashe shi. Mun je Birnin Kudu ganin zanen shanun da mutanen da suka yi a jikin duwatsu. Mun ratsa dajin Falgore muna tsayawa kallon birai a bakin titi, ba abin da ke ranmu.

Tafiyar da ba zan manta ba ita ce ta Yankari, hutun Ista na 2006. Motar Peugeot 504 ce doguwa. Muka bi Wudil, Birnin Kudu, Ningi, Bauchi, wajen kilomita ɗari uku, sannan wata ɗari da 'yan kai zuwa cikin dajin. Bazara ce, zafi kamar ya tsaga ƙasa, kuma lokacin ne namun daji ke taruwa a bakin kogin Gaji. Mun ga giwaye da ɓauna da gwanki. Birai sun sace mana burodi ta tagar ɗaki. Yaran suka ƙi fita daga ruwan Wikki, wanda ke fitowa daga ƙarƙashin dutse da ɗuminsa, garai-garai har kana ganin yashin ƙasa.

A dawowa ne, mun baro Ningi ba mu kai Birnin Kudu ba, gab da magariba, inji ya ɗauki zafi. Na buɗe na ga famfon da ke zagaya da ruwa ne ya mutu. Ba abin da zan iya yi da hannuna. Waya ba sabis. Oga ya ce a rufe gilashi a kwana a mota. Na san hanyar, na san kwana a bakin titi da mace da yara ba dabara ba ce. Wani mutum ya zo wucewa a keke da itace a baya, na yi masa sallama, ya ce ƙauyensu na nan bayan kukokin can. Na koma na ce, "Oga, ka ba ni amanar daren nan." Ya kalli matarsa, ta gyaɗa kai.

Matasa suka turo motar har ƙofar gidan mai unguwa. Kafin mu gama gaisawa an shigar da Madam da yarinya cikin gida, an kawo ruwa a randa mai sanyi, har an kama zakara za a yanka. Na yi sauri na ce baƙin ba sa cin nama. Wata tsohuwa ta ce, "Allah sarki, ba su da lafiya ne?" Na ce a'a Iya, haka addininsu yake. Ta ce, "To ai fura ba nama ba ce." Aka dama fura da nono, aka yi tuwon dawa da miyar kuka, aka kawo mangwaro cike da ƙwarya. Saboda zafi a waje aka yi mana shimfiɗa. Auta, wanda Hausarsa ta fi Tamil ɗinsa, ya shige cikin yaran ƙauyen ana ta tatsuniya da shi. Da safe wani saurayi ya hau babur ya ɗauko bakanike, kafin azahar mota ta tashi. Oga ya ciro kuɗi masu yawa ya miƙa wa mai unguwa. Dattijon ya mayar da hannunsa baya ya ce min, "Gaya masa ba a sayar da kwana a garin nan." Bayan sati biyu muka koma da but cike da butoci da bokitai da tabarmin roba da Oga ya saya da kuɗinsa, kuma duk shekara sai mun koma.

Shekarar 2012 da wahala ta shigo. Ranar ɗaya ga Janairu aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga naira 65 ta haura 140, aka shiga yajin aiki, gari ya tsaya. A tsakiyar watan suke bikin girbinsu, Pongal, inda ake dafa shinkafa da madara da mazarƙwaila a sabuwar tukunyar ƙasa a tsakar gida har ta tafaso ta zube, a jingina rake a gefe. Kasuwa a rufe, a keke na zagaya na samo musu raken da tukunyar. Madam ta zuba min a kwano na kai wa Hajiya.

Ranar Juma'a 20 ga watan, bayan an sauko daga masallaci, na ɗauko yara daga makaranta, Madam ta ce mu karɓo rininta a Ƙofar Mata mu biya Kurmi. Muna cikin Kurmi wajen ƙarfe biyar na ji ƙara. Na ɗauka tayar babbar mota ce ta fashe. Sai ta biyu, sai ta uku, ƙasa tana motsi. 'Yan kasuwa suka fara jan ƙofofi, mutane na gudu ba wanda ya san inda ya nufa. Masu waya a kunne suna cewa hanyar BUK ne, wasu su ce Farm Centre, wasu su ce Bompai. Bompai kuwa can ne gida. Na kira Oga, layi ba ya shiga. Madam ta riƙe yaran ta kalle ni, ba ta ce komai ba.

Maganar Hajiya ce ta faɗo min. Na sa su a mota na bi ta lunguna har inda mota ke iya shiga, muka ƙarasa da ƙafa. Hajiya na tsaye a zaure da carbi, tana jiran jin labarin 'ya'yanta. Da ta gan mu ba ta tambayi komai ba. Ta kama hannun Madam ta ce, "Shigo 'yar nan, nan ma gidanku ne."

Daren nan ba wanda ya runtsa. Harbi har tsakar dare. Rediyo ta ce an sa dokar hana fita ba dare ba rana. Wajen ƙarfe goma na samu Oga, yana masana'anta shi da ma'aikata, ba hanyar fita. Na ce masa suna ɗakin mahaifiyata, lafiyarsu ƙalau. Ya yi shiru, na ji yana kuka. Sai ya ce, "Kawu." Shekara tara bai taɓa kirana da wannan sunan ba sai ranar.

Hajiya ta sa aka ciro sabuwar tukunya wadda nama bai taɓa shiga ba, ƙanwata ta yi ɗanwake da man gyaɗa da yaji. Ta ce Madam ta hau gadonta, Madam ta ƙi, ta shimfiɗa tabarma a gefen ta Hajiya. Na leƙa cikin dare na gan su zaune kafaɗa da kafaɗa, Hajiya na jan carbi, Madam ta haɗa tafukanta ido a rufe, yaran na barci a kan gado a ƙarƙashin jeren kwanuka. Da safe aka yi koko da ƙosai. Matan maƙwabta suka riƙa shigowa ta ƙofar baya suna yi mata sannu, wata da gyaɗa, wata da dabino. A ranar ne muka ji ɗan maƙwabcinmu, ɗan acaɓa, bai dawo ba. Daga baya aka gano shi a ɗakin ajiye gawa. Mutum fiye da 180 aka rasa a yinin nan ɗaya. Madam ta shiga gidan ta zauna tare da uwar yaron, ba ta san kalmomin gaisuwar mutuwa ba, hannunta kawai ta riƙe.

Kwana biyu suka yi. Ranar Lahadi da asuba, kafin mu tafi, yarinyar ta roƙi garin tuwo a wajen ƙanwata, ta share ƙofar ɗakin Hajiya ta yi zanen nan nasu. Wata maƙwabciya ta shigo ta tsaya tana kallo da alamar tambaya. Hajiya ta ce, "Adon garinsu ne, godiya take yi. Kada wanda ya share." Ba a share ba, kaji ne suka tsince shi kafin azahar.

Bayan nan komai ya canja. Cikin satin aka sace wani injiniya Bajamushe a bayan gari, a watan Mayu aka kashe shi. Masana'anta ta hana baƙinta fita ko nan da Tamburawa. Shingaye suka cika gari, tafiyar minti goma ta koma awa biyu. A ƙaramar Sallar shekarar ko hawa ba a yi ba. A watan Afrilu na kai Madam da yara filin jirgin Malam Aminu Kano. Sai da muka biya ta wajen Hajiya, Madam ta durƙusa ta taɓa ƙafafunta kamar yadda suke yi wa iyayensu, Hajiya ta ɗago ta ta ba ta turmin atamfa da ƙullin kuka da daddawa. Oga ya bi su a Disamba. Kafin ya tafi ya sayi motar daga kamfani ya miƙa min takardunta. Da ita na koma haya, daga baya na sayar na sayi Sharon, ita nake ja har yau tsakanin Kano da Daura.

Da Hajiya ta rasu a 2016, Madam ta bugo waya. Ta tambayi ɗanta yadda ake faɗa, ta haddace. Ta ce, "Allah ya jiƙan Hajiya," ta maimaita sau uku, sannan muryarta ta ƙi fita.

'Ya'yana shida, ba wanda ban hau Dala da shi ba, ba wanda ban kai Gidan Makama da Ƙofar Mata ba. Tiga mun je sau biyu. Yankari ce har yau ban kai su ba, kuɗin mai ya fi ƙarfina, kuma hanyoyin da muke bi da iyalin mutane ba fargaba, yanzu sai na tambayi direbobin tasha kafin in hau. Ƙauyen nan na tsakanin Ningi da Birnin Kudu na biya sau ɗaya, mai unguwar ya rasu, ɗansa ne a kai, kuma ya gane ni.

Watan jiya Auta ya kira ni ta WhatsApp. Ya zama saurayi, yana aiki a Bangalore, Hausar tana nan sai ɗan abin da ba a rasa ba. Ya tambayi maiɗakina da yara kowa da sunansa, ya tambaya ko mai zogalen Dakata na da rai. Sannan ya ce shi da yayarsa suna neman biza, suna so su zo da hunturu, su ga gidan Bompai, su je kabarin Hajiya, su hau Dala da sassafe. Ya ce, "Kawu, Yankari fa?" Na ce masa ya zo tukuna, in hanya ta yi kyau da yarana za mu tafi gaba ɗaya. Na riga na gaya wa bakanikena ya duba min famfon ruwa da tayoyi kafin Disamba.